Gidan da intanet ke lalacewa idan an kawo wuta

Ƙorafin da aka kawo mini daga wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo ya saɓa wa abin da aka saba ji a Maradi. Kowa ya san idan an ɗauke kuran abubuwa kan tsaya. A wannan gida kuwa, sai an ɗauke wuta intanet ke tafiya lafiya lau. Da zarar an dawo da ita, saƙon WhatsApp ya ƙi fita, bidiyo ya ƙi buɗewa, kyamarorin tsaro ma su ƙi fitowa a salular maigidan. Mutanen gidan har sun samo wa abin bayani: wai wutar layi ce ke cinye rezo. Wani maƙwabcinsu ya ce a'a, idan an kawo wuta duk gari ke caja salula a hau intanet lokaci guda, shi ya sa eriyar kamfani ke cika. Wannan bayani na biyu ba shirme ba ne, cunkoso a eriya yana faruwa, musamman bayan Isha'i. Sai dai akwai abin da ya ƙaryata shi a nan. Duk wanda ya kashe wifi ya kunna datar salularsa, da katin kamfani ɗaya da wanda ke cikin rutar gidan, wato na'urar da ke raba wa gidan intanet, intanet na zuwa masa ba tangarɗa. Eriya ɗaya, kamfani ɗaya, lokaci ɗaya. Matsalar tana cikin katangar gidan.

Maigidan ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma magazan ɗinsa na jingine da gidan. Don haka kyamarorin ba ado ba ne a wurinsa. Yana so yana hanya ya duba ya ga an rufe ƙofar magazan, an sauke kaya, gardi na bakin aikinsa. Kafin a kira ni ya riga ya canza katin da ke cikin ruta, ya sayi forfe mafi girma, an kuma hau sama an ɗaure wa kyamara biyu sabbin wayoyi. Kuɗi sun fita, abin bai motsa ba.

Tsarin gidan kamar haka yake. A falon Alhaji akwai babbar ruta mai cin katin salula, ita ce ke kawo intanet. Tun lokacin zafin da ya wuce aka haɗa ta da batirin sola, tare da fanka ɗaya da fitilu kaɗan, don kada ta riƙa mutuwa. A ɗan ofishin magazan akwai na'urar naɗin kyamarori, wadda masu aikin ke kira DVR, an jawo mata kebul daga babbar rutar, amma wutarta daga layi take sha. A cikin gida, sashen Hajiya da yara, akwai ruta ta biyu wadda ba ta da kati. Kebul ne ya taso daga falo ya bi jikin bango ya shiga bayanta, ita kuma ta watsa wifi a tsakar gida. Ita ma a wutar layi take. Sai salula da yawa, talabijin mai shiga intanet, kwamfutar lissafin magazan da injin buga takarda.

Wanda ya lura da wannan rabon wutar ya riga ya kama bakin zaren: idan an ɗauke kuran, na'ura ɗaya ce ke raye a gidan. Idan an kawo, biyu ne ke tashi su same ta.

Abin da adireshi ke yi a cikin gida

Kowace na'ura da ke kan wifi ko kebul tana da lamba iri biyu. Ta farko lambar MAC ce, mai tsawon bit 48, wadda ake rubutawa da haruffa da lambobi goma sha biyu. Tana tare da katin sadarwar na'urar, kuma rabinta na farko yakan nuna kamfanin da ya ƙera ta, domin hukumar IEEE ce ke raba wa kamfanoni waɗannan lambobi. Ta biyu adireshin IP ne, irin 192.168.1.104, wanda ba na na'urar ba ne na har abada, aro ake ba ta shi.

Adireshin IP na tsohon tsari bit 32 ne, wato jimillarsu bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare tun watan Fabrairun 2011. Abin da ya sa duniya ba ta tsaya ba shi ne tun 1996, a cikin ƙa'idar da ake kira RFC 1918, aka ware wasu jeri uku don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Gidanka da na maƙwabcinka duk za su iya amfani da 192.168.1.104 ba tare da rikici ba, saboda ruta ce ke tsayawa a ƙofa ta sauya adireshin kafin saƙo ya fita. Sharaɗin guda ɗaya ne: a cikin gida ɗaya, kada na'ura biyu su riƙe adireshi ɗaya.

Mai rabon adireshi wani aiki ne da ke cikin ruta, sunansa DHCP. Salula ta shigo ta yi shela tana neman adireshi, ruta ta yi mata tayi, ta karɓa, ruta ta rubuta cewa wannan adireshi yana hannun wannan lambar MAC har zuwa wa'adi kaza. A babbar rutar gidan Alhaji wa'adin awa 24 ne, rumbun da take rabawa kuma daga 192.168.1.100 ne zuwa 192.168.1.199. Idan rabin wa'adi ya wuce, na'ura kan nemi a sabunta mata. Idan ta fita ta dawo, takan fara da roƙon adireshin da ta riƙe a baya. Wannan ɗabi'a ta ƙarshe za ta yi tasiri a labarin.

Akwai kuma ARP, wanda aka rubuta ƙa'idarsa tun 1982. Idan ruta na da saƙon da za ta kai wa 192.168.1.108, sai ta tambayi duk gidan: wa ke riƙe da 108? Mai shi ya amsa da lambar MAC ɗinsa, ruta ta ajiye amsar a wani ɗan jadawali na ɗan lokaci. ARP ba ya neman shaida. Duk wanda ya amsa an yarda da shi, idan biyu suka amsa kuma jadawalin zai yi ta sauyawa tsakaninsu. Rabin saƙonni su tafi wurin wannan, rabi wurin wancan, kowanne ya watsar da abin da bai nema ba. Wannan shi ne rikicin adireshi, kuma dalilin da ya sa ba ya kashe intanet gaba ɗaya, sai dai ya riƙa zuwa yana tafiya, wanda ya fi ɓata rai kuma ya fi wuyar ganewa.

Binciken

Na tarar akwai wuta, wato lokacin da ya dace. Na haɗa kwamfutata da babbar ruta da kebul, na buga ipconfig /all, umarnin da ke nuna adireshin da kwamfuta ta samu. Adireshina 192.168.1.103, ƙofar fita, wato adireshin babbar ruta, 192.168.1.1, komai daidai a ido. Da adireshin ya fara da 169.254 da na san ba wanda ya amsa shelar neman adireshi, kwamfutar ce ta ƙirƙiro wa kanta. Ba haka ba ne a nan. Na sa ping -t, umarnin da ke ta ƙwanƙwasa adireshi don a ga ko zai amsa, zuwa 192.168.1.1, amsa na zuwa babu yankewa. Na sa wani zuwa 8.8.8.8, na waje: ya amsa na ɗan lokaci, ya yi shiru, ya dawo. Ƙofa tana amsawa kullum amma ba kullum take fitar da mutum ba.

Sai na buɗe shafin saitin rutar ta hanyar rubuta 192.168.1.1. Shafi mai launin shuɗi ya buɗe, na babbar ruta. Na rufe, na share jadawalin ARP da arp -d, na sake buɗewa. Shafi na daban ya fito, da tambarin wani kamfani daban. Na duba arp -a: lambar MAC da ke gaban 192.168.1.1 ta canza. Na'ura biyu ne ke amsa sunan ƙofar gidan.

Ban yi nisa wajen neman ta biyun ba. Na roƙi a yi mini iso cikin gida, na juya ƙaramar rutar, lambar MAC da ke rubuce a takardar ƙasanta ita ce wadda na gani. Sunan wifi ɗinta ma na masana'anta ne, kod ɗin kuma wanda ke manne a jikinta.

Na tambayi babban ɗan gidan, saurayi mai hankali wanda shi ake kira idan salula ta yi gardama.

"Malam, da Sallah ne," in ji shi. "Baƙi sunka cika gida, kowa na tambayar kod, ba wanda ya tuna shi. Na gani a YouTube in ka danna ɗan ramin nan da tsinke ka riƙe, kod ɗin jikinta zai dawo. Kuma ya dawo."

Gaskiyarsa, kod ya dawo. Amma ba shi kaɗai ya dawo ba. Wannan maɓalli yana mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta. Wanda ya kafa rutar tun farko, bisa dukkan alamu, ya yi aikin daidai, domin kebul ɗin yana cikin ɗaya daga ramukan LAN, waɗanda ake jona na'urorin cikin gida, wato an nufe ta da zama mai ƙara wa wifi nisa kawai, kuma wannan tsari ba ya tafiya sai an kashe mata DHCP an canza mata adireshi. Tsinken ya share duka biyun. Ta koma 192.168.1.1, ta kuma kunna nata rabon adireshin, daga rumbu kusan iri ɗaya da na babbar.

Illar ta zo ta fuska biyu. Salular da ta tambayi wa ke riƙe da 192.168.1.1, idan ƙaramar ce ta riga amsawa, duk saƙonta na waje zai tafi wurin na'urar da raminta na WAN, wanda intanet ke shigowa ta cikinsa, fanko ne, ba ta da hanyar fita ko ɗaya. Alamar wifi cike, intanet babu. Ta ɗaya fuskar kuma masu rabo biyu ne, kowanne da littafinsa, ba wanda ya san abin da ɗayan ya bayar. Wannan ya ba salular Hajiya 101, wancan ya ba talabijin 101. Wasu rutocin zamani, idan suka ga adireshin da suka samu ta ramin WAN ya yi karo da na cikinsu, sukan canza nasu da kansu. Amma sai an shigo musu ta WAN. Ta LAN ba abin da ke faɗakar da su.

Idan aka ɗauke kuran, ƙaramar ruta ta mutu, babbar ta rage ita kaɗai a kan batir, mai rabo ɗaya, ƙofa ɗaya. Intanet ya gyaru. Mutanen gidan ba su yi ƙarya ba ko kaɗan, abin da suka gani daidai ne, dalilin ne kawai suka ɗora wa wuta.

Na zare kebul ɗin ƙaramar rutar, na sa aka kashe wifi aka kunna a salula uku, intanet ya tsaya daram. Alhaji ya buɗe manhajar kyamarorinsa. Ba su zo ba.

"To ni fa, Malam? Nawa aikin bai tashi ba."

"Ranka ya daɗe, da alama cuta biyu ce. Yaushe kyamarorin suka fara ɓacewa?"

Ya yi tunani ya ce tun kafin Sallah, tun wajen lokacin da aka sa sola.

Adireshi na tara

Na shiga ofishin magazan. Talabijin ɗin da ke haɗe da DVR yana nuna hotunan kyamarorin duka, tas. Na duba abin da ya naɗa na daren jiya, yana nan, ban da lokutan da babu wuta. Kyamarorin irin masu kebul ne kai tsaye zuwa na'urar, hotonsu ba ya bi ta ruta. Saboda haka sabbin wayoyin da aka ɗaure a sama ba su da alaƙa da matsalar. Abin da ke yankewa shi ne hanyar da na'urar ke bi ta fita intanet.

A shafin saitinta na ga adireshi 192.168.1.108, rubutacce da hannu, ba na aro ba. Wanda ya saba da kayan tsaro ya san wannan lamba. Na'urorin Dahua da 192.168.1.108 suke fitowa daga masana'anta, na Hikvision kuma da 192.168.1.64, kamar yadda rutocin Huawei masu kati suka saba da 192.168.8.1, na TP-Link da Tenda da yawa kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ba aibi ba ne na maƙera. Dole na'ura ta zo da wani adireshi da za a same ta a kai ranar farko, sauran aikin na mai kafawa ne. Mai kafawar ya ga ta yi daidai da jerin gidan, ta hau intanet nan take, ya bar ta a haka ya karɓi kuɗinsa. Kuma ta yi aiki wata da watanni.

Amma 108 yana tsakiyar rumbun da babbar ruta ke rabawa. Wannan rutar a jere take bayarwa, 100, 101, 102, don haka 108 shi ne na tara. Ba duk rutoci ke bin jeri ba, wasu daga lambar MAC suke lissafo adireshin da za su bayar, amma jadawalin wannan ya nuna a jere take tafiya. A jadawalin masu aro na ga 108 an ba wata salula.

A nan ne tambayar da ta fi muhimmanci take. Ƙa'idar DHCP ta 1997, RFC 2131, ta shawarci ruta ta gwada adireshi kafin ta bayar, ta ga ko wani zai amsa, ta kuma shawarci mai karɓa ya tambaya ta ARP, idan ya ji wani na kai ya mayar. A 2008 RFC 5227 ta zo ta fayyace yadda za a yi wannan gwaji. To me ya sa ba a gano DVR na zaune a 108 ba? Mai yiwuwa a ce rutar mai araha ce ba ta gwadawa, kuma akwai irinsu. Amma a gidan nan ko ta gwada ba zai hana ba. Tun da aka sa ta a batir, tana raye a lokacin da DVR ke mace. An ɗauke wuta da rana, zafi ya koro kowa, wifin cikin gida ya mutu, yara da manya sun taru kusa da falo inda fankar sola take, salula ta tara ta nemi adireshi, ruta ta tambaya ko akwai mai 108, shiru. Ta bayar da gaskiyarta. Kamar kamashon tasha ne da ya leƙa mota ya ga kujera ba kowa ya sayar, alhali mai ita ya sauka yin alwala. Wuta ta dawo, DVR ya tashi ya hau 108 ɗinsa, domin shi ba aro ya yi ba, bai san akwai wanda zai tambaya ba.

Kafin sola, ɗauke wuta na kashe su tare, su tashi tare, kuma salula ba ta taruwa a ruta ɗaya. Gyaran da Alhaji ya yi don intanet ya daina yankewa shi ne ya buɗe ƙofar wannan rikici. Wannan ba dalili ba ne na cire solar, kuma na gaya masa haka, domin na ga ya fara kallon batirin da wani ido.

Gano mai salular ya ɗan ɗauki lokaci. A da, rabin farko na lambar MAC kan nuna maka kamfani, ka ce Samsung ce ko Tecno. Tun Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, salula kan ƙirƙiro lambar MAC ta bogi ga kowane wifi don kada a bi sawun mai ita. Ana gane irin wannan lamba idan harafi na biyu ya kasance 2, 6, A ko E, kuma ta 108 haka take. Sunan da ta bayar a jadawali lambar samfuri ce kawai, gidan kuma akwai irinta uku. Sai muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna duba bayanan wifi. Ta ɗiyar Alhaji ce, ɗaliba a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Da aka faɗa, Hajiya ta ce daga bakin ƙofa: "Ai ita ce kullum ke kukan salularta ba ta ja, har babanta ya ce zai canza mata." Alhaji kuma ya tuna da kansa cewa da safe, idan yana hanya, kyamarori kan buɗe, da yamma ne suke ƙi. Da safe yarinyar tana makaranta, DVR shi kaɗai ke amsa 108. Da yamma ta dawo, salularta ta roƙi adireshinta na jiya, ruta ta duba littafinta ta ga nata ne, ta tabbatar mata. Haka rikicin ya manne wa salula ɗaya tsawon makonni, har aka kusa sayen sabuwa a banza.

Da kwamfuta ce mai Windows ta yi karo da DVR, da ta fito da gargaɗi a fuska, ta kuma rubuta shi a kundin abubuwan da suka faru da lamba 4199 tare da lambar MAC ɗin abokin rikicin. Salula ba ta cika faɗin komai ba. Shi ya sa a gidajen da babu kwamfuta wannan cuta kan daɗe ana kiranta matsalar rezo.

Gyaran, da dalilin zaɓinsa

Ƙaramar ruta na fara. Kebul ɗinta a zare, na haɗa kwamfuta da ita kaɗai, na kashe DHCP, na ba ta 192.168.1.2, na sa mata sunan wifi da kod iri ɗaya da na falo don salula ta riƙa sauyawa da kanta, sannan na mayar da kebul a ramin LAN. Zare kebul ɗin kafin a fara wajibi ne, in ba haka ba mutum ba zai san shafin wace ruta yake canzawa ba, kuma kashe DHCP na babbar bisa kuskure zai bar gidan duka babu mai rabo. Akwai wata hanyar, a sa kebul a ramin WAN a ba ta jeri nata dabam, kamar 192.168.2.1. Tana aiki, amma tana raba gida biyu: salular cikin gida ba za ta ga injin buga takarda ko talabijin da kanta ba. Gida ɗaya ne, ban ga dalilin raba shi ba.

Kan DVR hanyoyi biyu ne, kuma masu aikin sun rabu a kai. Ko dai a mayar da shi mai aro, a ce wa ruta ta keɓe masa adireshi ɗaya bisa lambar MAC ɗinsa, ko a bar shi da rubutaccen adireshi amma a fitar da shi daga rumbu. A ofis mai ma'aikacin kwamfuta, ta farko ta fi, domin komai na rubuce wuri ɗaya. A gidan da aka riga aka san aikin tsinke, na fi amincewa da ta biyu. Keɓewar a cikin ruta take zaune, ranar da aka danna mata riset ta tafi. Amma idan DVR na 192.168.1.10, ko an mayar da babbar ruta saitin masana'anta, rumbunta zai dawo 100 zuwa 199, ba zai taɓa 10 ba. Da wannan lissafi na ƙi taɓa jerin gidan gaba ɗaya, ko da yake mayar da shi wani jeri da ba a saba ba, irin 192.168.50, yana da nasa amfani. Na zaɓi tsarin da zai tsira daga kuskuren da ya fi yiwuwa a wannan gida. Injin buga takarda na ba shi 192.168.1.20, na gyara adireshin a kwamfutar magazan, domin shi ma yaron lissafi ya ce yakan ɓace. Nasa ba rikici ba ne, adireshinsa ne ke canzawa kwamfutar na nemansa a tsohon.

Alhaji ya damu ko canza adireshin zai sa sai an sake saita manhajar salularsa. Ba ya buƙata. Rutar da ke kan katin salula galibi ba ta da adireshin duniya nata na kanta, kamfani na haɗa abokan ciniki da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka ba a iya shigowa gidan daga waje kai tsaye. DVR ne ke fita ya sanar da kansa ga uwar garken maƙeransa, wato babbar kwamfutarsu da ke kan intanet, manhajar kuma ta neme shi can da lambar jikinsa. Abin da yake buƙata kawai adireshi mara abokin tarayya, ƙofar fita 192.168.1.1 da adireshin DNS mai aiki, wato na mai fassara sunayen intanet zuwa adireshin IP.

Gyara irin wannan ba a yarda da shi sai an maimaita yanayin da ke kawo cutar. Na kashe babbar ruta na kunna don ta fara sabon littafi, sannan muka sauke babban makunnin wutar gidan da gangan. Aka tara duk salular da ke gidan a falo, har da ta gardi da ta yaran magazan, suka wuce tara, 108 ya tafi hannun wata. Muka mayar da wuta. DVR ya tashi a 10, ƙaramar ruta a 2. Ping na waje bai yanke ba, lambar MAC da ke gaban 192.168.1.1 ta tsaya guda ɗaya duk sau da na share jadawali na duba. Alhaji ya kashe wifi, ya buɗe manhaja da datarsa kamar yana Kano, ƙofar magazan ta fito.

Na rubuta adireshin na'urori huɗun, sunan wifi da kod a takarda biyu, ɗaya a manne cikin ƙofar kabad ɗin ofis, ɗaya a hannun Hajiya, na ajiye kwafin saitin kowace ruta a kwamfutar magazan, na rufe ramin riset na ƙaramar da salatif. Babban ɗan na zaunar da shi na nuna masa yadda ake canza kod daga shafin saiti, da yadda ake duba arp -a, domin shi za a kira gobe, kuma wanda ya iya nemo maganin kod da kansa zai iya riƙe wannan. Na kuma gaya wa Alhaji abin da ya fi rikicin adireshi hatsari: na'urar tsaron da ke mutuwa duk lokacin da gari ya yi duhu. Wuraren da babu naɗi a cikin faifan nan su ne daidai lokutan da ɓarawo zai zaɓa. Ya ce zai kira mai sola ya duba ko batirin zai ɗauki DVR da kyamarori, ko sai an ƙara.

Da zan tafi ya ce yana shawarar sa Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, ya bar rutar kati a matsayin ta ko-ta-kwana. Rutar Starlink ma da 192.168.1.1 take zuwa, kuma tana da nata rabon adireshin. Idan aka jona ta a kebul ɗin gidan ta tarar da tsohuwar a kunne, an koma gidan jiya. Na ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar kabad: kafin a jona sabuwar ruta, a zare tsohuwar daga kebul, a duba rumbun da sabuwar ke rabawa, a tabbatar 2 da 10 da 20 ba sa cikinsa.